Mai Shaidar da Ba Ta Rantsuwa

Babana ladan ne a Tudun Nupawa,
bai taɓa ɗaura agogo ba.
Sanda yake kafawa a ƙofar masallaci,
ya tsuguna yana jiran inuwa ta gama tsukewa.
Da ta soma miƙe ƙafa, sai ya kama kunne.
Ni ce mai riƙe masa takalmi.

Yau ina da tebur a ofishin tsara birni,
da fanka mai tari, da taswirar Kaduna
wadda kogi ya raba kamar tsagar kitso.
Aikina in auna abin da bene zai ɗauke
kafin a aza tubalin farko.
Bara na hana hawa na biyar a Unguwar Sarki
saboda Goggo Lantana, mai shanyar kuɓewa,
da hantsinta ya tsaya a bayan katangar wani.
Mai ginin ya ce da ni, "Rana ta gwamnati ce?"
Na ce a'a. Shi ya sa ba na sayar da ita.

Sai wata Talata, Sufeto Barau ya shigo
da hoto guda a cikin ambulan.
Wani sito a Kakuri, ƙofarsa a buɗe,
ga Dogara Shekari tsaye, buhu a kafaɗa.
An ce ranar sata ce, tsakar rana, watan Janairu.
Wata huɗu ke nan yana tsare.
Matarsa ta sayar da keken ɗinkinta.

Ban dubi fuskarsa ba.
Fuska takan yi kama da laifi in an daɗe ana kallonta.
Ƙasa na duba,
gindin turken lantarki, gefen kwata,
inda wata 'yar baƙar aba ta kwanta
ba ta san ana ɗaukar ta ba.

Na je Kakuri da igiyar awo da allurar arewa.
Masu shayi suna dariya:
mace da gyale tana auna turke kamar za ta ɗinka masa riga.
Na jira azahar. Na sake jira washegari.

A Janairu rana tana bi ta kudu,
inuwa ta faɗi arewa, ta zarce rabin mai ita.
Ta hoton nan gajera ce, ta maƙale a gindi,
kuma kudu ta dosa.
Wannan inuwar damina ce,
ta lokacin da masara ke kai gwiwa,
lokacin da Dogara yake dako a siton
ana biyan sa kowace Juma'a.

A kotu lauya ya gyara riga ya ce,
"Malama, inuwa za mu ɗaure, ko ita za mu rantsar?"
Na ce, ranka ya daɗe, ba ta da dangi a Kakuri,
ba ta bin kowa bashi.
Ana goge kwanan wata a waya,
amma a kawo min wanda ya taɓa matsar da rana
ko da taki ɗaya.

Alƙali ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.

Ban san wanda ya kwashe siton ba.
Ba a tambaye ni ba, inuwar ma ba ta faɗa ba.
Iyakar saninta ke nan: ba ranar ba ce.

Da muka fito, Dogara bai yi godiya ba.
Ya tsaya a farfajiya yana ƙifta ido,
yana kallon tasa, doguwa, ta la'asar,
kamar wani ɗan'uwa da ya zo tarbarsa daga Kachia.

Na hau Keke Napep zuwa Tudun Nupawa.
An sa agogon lantarki a masallacin yanzu,
mai jan lamba, yana mutuwa in an ɗauke wuta.
Ramin sandar nan yana nan a ƙofa.
Na sa yatsa a ciki.
Da ɗumi.